In izini ya fito: bindiga a fili a ƙugu, ko a ƙarƙashin riga?

Mai Albasa, Tawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Sana'ata albasa, ina ɗauko kaya daga Galmi da Tamaske ina kai wa Yamai, kuma sau da yawa kuɗin ciniki a jikina suke kwana. Na kai takarduna na neman izinin riƙe ƙaramar bindiga, ina jiran amsa. Kafin ta fito ina son in fahimci abu guda. Wasu abokai na cewa a ɗaura ta a fili, ɓarawo in ya ga ƙarfe a ƙugu ba ya matsowa. Wasu na cewa wannan kiran ɓarawo ne, gara a rufe ta da riga. Na ga Amurkawa na ta gardamar nan a YouTube, amma tufafinsu da garinsu ba irin namu ba ne. Ni kaftani nake sawa da wando mai zariya, cikin gari kuma moto, wato babur, nake hawa. Masu sani, don Allah ku yi mini bayani dalla-dalla.

Malam Na-Kotu, Yamai

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka fara da takarda kafin ka zo kan riga.

Gardamar Amurkawa ta tsiro ne a kan tsarin mulkin da ya ɗauki riƙe makami a matsayin haƙƙin ɗan ƙasa. Kotun ƙolinsu ta tabbatar da haƙƙin ajiye bindiga a gida a 2008, a 2022 kuma ta ce haƙƙin ya kai har fita da ita waje. Jihar Texas ta halatta yawo da ƙaramar bindiga a fili tun 1 ga Janairu 2016. A nan Nijar abin a juye yake: asalinsa hani ne, izini kuma keɓewa ce da ma'aikatar cikin gida ke yi wa mutum guda, a kan bindiga guda mai lambarta, bayan an binciki halinsa. Tushen tsarin wata doka ce ta 1963, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai. Bindigar yaƙi irin Kalashnikov ba ta cikin wannan magana sam, farar hula ba shi da hanyar mallakarta.

Ranar da aka miƙa maka takardar, kada ka fita ofishin sai ka karanta abin da aka rubuta a kanta kalma bayan kalma. Ajiye makami a gida daban, yawo da shi a jiki daban, kuma kalmomin faransancin da ke nuna su ba ɗaya ba ne. Ka duba lambar da ke jikin bindigar ta yi daidai da ta takarda, harafi da harafi. Ka duba girman harsashin da aka rubuta, da ranar da izinin zai ƙare. Ka tambayi jami'in da bakinka: wannan takarda ta ba ni damar fita da ita kasuwa da kan hanya? Izinin naka ne kai kaɗai. Yaron shagonka ko ƙanenka in ya ɗauke ta, shi ya shiga laifi, kai ma ka shiga. Kuma takardar Nijar ce: in ka tsallaka Ƙonni zuwa Illela ta Najeriya da ita a jikinka, a can kai mai haramtaccen makami ne.

Sai batun kare kai. Alƙali abu uku zai duba: harin yana faruwa a lokacin ko yana gab da faruwa, ba ka da wata mafita, kuma martaninka bai zarce girman harin ba. Wanda ya fizge jakarka ya juya yana gudu, in ka harbe shi a baya, ka fita daga kare kai. Wanda ya zage ka a tasha ka ɗaga riga ka nuna masa gindin bindiga, barazana da makami ka yi. A nan ne ɗaurin fili ke cutar da mai shi tun bai taɓa ta ba: kowace gardamar farashi, kowace hatsaniyar dillalai, abokin faɗanka zai iya zuwa komisariya ya ce ka tsorata shi da bindiga, kuma shaidu goma sun gan ta a ƙugunka.

Kada ka manta kuma da inda muke. Tun Maris 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a wasu sassan Tilaberi da Tawa, har da Tasara da Tiliya. Jami'in da ke tsaye a shinge, mutum a kan moto da makami a fili abu guda yake kawo masa a rai, kuma takardarka tana cikin aljihu, ba ya ganinta daga mita 50.

Tsohon Kaki, Yamai

Alhaji, Malam ya gama da doka. Ni zan yi maganar ƙarfe da fata. A cikin gari, a rufe. Amma rufewar tana da tsada, kuma dole ka san tsadar.

Ɗaurin fili yana da fa'ida biyu na gaskiya: ya fi saurin zarewa, kuma ya fi daɗi a jiki, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Illarsa ita ce bindigar kanta dukiya ce, ta fi kuɗin da ke aljihunka jan ido a wurin mugu. Shi ya sa kuben ɗan sanda da jandarma ke da maɗauri. Kube hawa uku ne: na farko matsi kawai ke riƙe bindiga, na biyu yana da maɗauri guda da ake buɗewa da babban yatsa, na uku yana da biyu. Jami'i kuma an koya masa hana a ƙwace masa, yana tafe da abokin aiki, yana da kaki. Kai kana duƙe kana ƙirga buhu a kasuwar Katako, mutane na gogar ka ta ko'ina, hannuwanka biyu na cikin aiki. Wanda ke bayanka daƙiƙa ɗaya ta ishe shi.

Yanzu tsadar rufewa. Zariya ba ta ɗaukar bindiga. Glock 19 cike da harsashi 15 ta kai giram 850, Makarov ba harsashi giram 730. Zariya za ta saki, kube ya karkata, ranar zarewa kuma kuben ya biyo bindigar su fito tare. Kana bukatar ɗamara mai tauri, faɗinta milimita 38 zuwa 40, wadda ba ta lanƙwashewa in ka matse ta tsakanin yatsu. Ko tela ya yi wa wandonka madaukai, ko ka ɗaura ɗamarar a kan singileti, wando ya hau samanta.

Kube kuwa sharuɗɗansa uku, ba a rage ko ɗaya. Ya rufe kunama ruf ta ɓangarorin biyu. Bakinsa ya tsaya a buɗe ko an zare bindiga. Ya zama an yi shi a kan samfurin bindigarka, ba na kowa-da-kowa ba. Dukawan Tawa gwanaye ne, amma fatar akuya da suke yin jaka da ita ta yi laushi da wannan aiki. Sai fatar saniya mai kaurin milimita 3 zuwa 4, a jiƙa ta a matse a kan bindigar. Fata mai laushi in ta tsufa ta sha gumi, leɓenta na naɗewa ya shiga gaban kunama, ka tura bindiga ciki ta tashi. Kuben roba mai tauri da ake kira Kydex ba ya shan gumi, amma kada ka bar shi a gaban mota a rufe da rana, yana iya karkacewa. Gwajin kube: ka sa bindiga marar harsashi a ciki, ka kifa shi a kan katifa ka girgiza a hankali. In ta faɗo, bai yi ba.

Wurin ɗauri shi ne inda tufafinmu ke ba da wahala.

A gaba, gefen cibiya: ya fi ɓoyuwa cikin kaftani, hannunka na kusa, ba mai taɓa ta ba ka gani ba. Amma bakinta na kallon cinya, inda babbar jijiyar jini take, kuma wanda ta tsinke masa mintuna kaɗan gare shi. Tana kuma tokare ciki a ruku'u da zaman tahiya da tsugunon alwala.

A gefen ƙugu, ɗan baya da ƙashin kwatangwalo: ya fi sauƙin zama, amma in ka duƙa gindinta na turo riga, kuma wanda ka goya a moto gwiwarsa ko hannunsa zai ji ta. Iskar gudu ma tana manna riga a jiki ta zana siffarta. Yadi mai kauri ko mai zane ya fi farin yadi marar nauyi rufewa.

A tsakiyar baya: kada ka yi. Faɗuwa ɗaya daga moto, ƙarfe ya daki ƙashin bayanka.

A hammata ƙarƙashin babbar riga: tana ɓoyuwa sosai, amma bakinta na kallon wanda ke bayanka a sahu ko a mota, kuma wurin zarewa tana bi ta kan damtsenka na hagu.

Zarewa daga cikin riga mataki biyar ne. Hannun hagu ya damƙi riga ya ɗaga ta har ƙirji. Hannun dama ya kama gindin bindiga kamun ƙarshe tun tana cikin kube, manuniya a miƙe a waje. Ka ja ta sama a miƙe, ka juya bakinta gaba. Hannun hagu ya saki riga ya haɗu da na dama a gaban ƙirji, ta baya, kada ya gitta bakinta. Sannan ka miƙa, kuma yatsa ba ya shiga kunama sai ka ga abin da za ka harba, ka kuma yanke shawara. Ƙaramar riga ana kama leɓenta ne. Kaftanin da ya wuce gwiwa leɓensa ya yi nisa, sai dai ka dunƙule yadi a ƙugu ka ja, kuma rabin mita na yadi ne zai taru a hannunka. Mafita biyu: ko ka koma gajeren kaftani ranakun tafiya, ko tela ya buɗe maka tsaga a bayan aljihun gefe irin ta jallabiya, tsawonta ya kai santimita 20 zuwa 25, a ninke bakinta da kyau don kada zare ya kama saitin bindiga.

Ka riƙe wannan lissafi. A 1983 wani malamin ƴan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mutum mai wuƙa na cin ƙafa 21, wato wajen mita 6 da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Wannan shi ne kusan lokacin da horarre ke ɗauka ya zare daga kuben fili ya harba. Daga cikin kaftani ya fi haka. In kuma an riga an auna ka da bindiga, zarewa ba ta da amfani ko a fili take ko a rufe: ka ba da kuɗin.

Mayar da ita kube ya fi zarewa haɗari, domin a nan ne mutane suka fi harbin kansu. Glock ba ta da makullin da ake turawa da yatsa, nauyin kilo biyu da rabi a kan kunama ya isa. Bakin zariya, leɓen singileti, igiyar tasbaha, duk suna iya shiga su ja ta. Ka kalli kube da idonka, ka share yadi, ka tura a hankali. In ka ji tokari, ka tsaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Minti 10 kullum da bindiga marar harsashi, cikin tufafin da kake fita da su. Wurin sauke ta, sharja, wato gidan harsashi, ake fara cirewa, sannan a ja sama, wato ɓangaren saman bindiga mai zamewa baya, a fitar da harsashin da ke ciki, a duba da ido, a taɓa da yatsa. Wanda ya juya wannan jeri ya ɗora sabon harsashi bai sani ba. Harsashi ya kasance a wani ɗaki, bakin bindiga na kallon katanga mai kauri.

Mai Albasa, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in na sa ta cikin ƴar jakar rataye fa, tare da takarduna? Da alama ya fi sauƙi da wahalar ɗamara.

Tsohon Kaki, Yamai

Jaka ita ce abin da masu fizge a kan moto ke nema da farko, sai su tafi da kuɗi da bindiga da takardar izini a tashi ɗaya. Kuma jaka ana ajiye ta: wurin cin abinci, wurin alwala, kan buhu. In dole ce, ta zama mai igiya mai ƙarfi da ake gittawa a ƙirji, da aljihu guda na bindiga kaɗai, kube a ɗinke a ciki. Ba makulli, ba alƙalami, ba caja a wannan aljihu. Kuɗi a wani wuri daban, don in an ce ka miƙo kuɗi kada hannunka ya nufi inda take.

Na manta gumi da ƙura. A bazara ka goge ta kowane dare da ƙyalle mai ɗan mai, gishirin gumi na sa tsatsa cikin kwanaki. A hunturu ka rage mai, ɗigo kaɗan a kan hanyoyin da sama ke zamewa, domin mai da ƙura in sun haɗu kwaɓi suke zama. Harsashin da kake ɗorawa kana saukewa kullum, kansa na nutsewa cikin kwanso a hankali, matsin wuta ya ƙaru. Ka jera shi da sabo ka gwada tsawo, in ya gajarta ka ware shi. In kuma Tokarev aka kawo maka don arha, ka sani ta asali ba ta da makullin kirki, harsashinta kuma na ratsa abu ƙwarai. Ba ta dace da cikin jama'a ba.

Ɗan Azawak, Abalak

Ranka ya daɗe Tsohon Kaki, na yarda da kai a kan gari, amma kada a mayar da ɗaurin fili kamar abin da ba mu sani ba. Buzu na shiga kasuwar Abalak da takobinsa a rataye, Bafillace da sandarsa, maharbi da bindigarsa a kafaɗa, ba wanda ke firgita, domin kowa ya san mutumin, ya san abin da makamin ke nufi. A gona ko garke, doguwar bindigar farauta mai girman baki lamba 12 ba ta ɓoyuwa ma, kuma ta fi ƙaramar bindiga amfani nesa ba kusa ba: hannu biyu da kafaɗa ke riƙe ta, wanda bai ƙware ba ma yana samun abin da ya auna a mita 25. Ƙaramar bindiga a hannun marar horo, cikin tsoro, mita 10 ma kuskure take.

Sai dai zamani ya canza ma'anar abin. Tun kashe-kashen Tiliya na Maris 2021, inda aka rasa mutum 137, makami a fili a daji tambaya yake jawowa daga kowane ɓangare. Kuma Alhaji, masu tare hanya ba su zuwa mutum ɗaya da wuƙa. Suna zuwa da yawa, da bindigogin yaƙi. Harsashi 15 na ƙaramar bindiga ba ya canza wannan lissafi, abin da yake canzawa shi ne yadda za su yi da kai in sun lalube ka suka same ta. Ka auna wannan da kyau. Kuɗin albasa ka tura ta kamfanonin aika kuɗi ko banki tun kana Yamai, ka bar na mai da abinci. Ka yi tafiya da rana, cikin jerin motoci, kada ka faɗi ranar tashinka a tasha.

Game da shinge, ko jandarma ne ko ƴan sanda ko garda: ka rage gudu tun daga nesa, ka kashe inji, da dare ka kunna fitilar cikin mota, hannu biyu a kan sitiyari ko kan moto. Ka faɗa da baki kafin ka motsa: ina da bindiga mai izini, tana ƙuguna na dama, takarda na aljihun gaba. Sannan ka jira umarni. Takardar ta zauna a aljihun ƙirji, nesa da bindigar. A Yulin 2016 a jihar Minnesota ɗan sanda ya kashe wani direba mai cikakken izini, Philando Castile, daƙiƙu kaɗan bayan ya faɗa masa yana da bindiga, hannunsa na motsi wajen ƙugu. A Yulin 2016 ɗin dai a birnin Dallas, da aka harbe ƴan sanda biyar, an yaɗa hoton wani mai zanga-zanga da ke rataye da bindigarsa a fili bisa doka a matsayin wanda ake zargi, alhali ba ruwansa. Can ke nan da doka ta yarda da abin.

Hajiya Ta-Wadata, Yamai

Alhaji, duk an yi maganar hanya, ba a yi ta gida ba, alhali bindigar sa'o'inta a gida sun fi na hanya yawa. Gidajenmu cike suke da yara, namu da na maƙwabta da almajirai, kuma ba abin da yaro ba ya tonowa. Ƙarƙashin matashi, saman kabad, cikin aljihun rigar da aka rataye, duk ba maɓoya ba ne. Wurinta biyu ne kawai: jikinka cikin kube, ko akwatin ƙarfe mai makulli da aka kafe a bango ko ƙasa. Sharja da harsashi a kulle daban, makulli a jikinka. Uwargida ta san tana nan, ta san ba a taɓa ta. Yara a koya musu: in kun gani kada ku taɓa, ku fita, ku kira babba.

Ka kuma dubi ginin gidanka. Harsashin milimita 9 na ratsa ƙofar kwano da zana da taga kamar babu su, kuma bulon siminti mai rami ba abin dogaro ba ne. Katangar ƙasa mai kauri ta fi tsayar da shi. Wanda aka harba sama yana wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma dole ya sauko a kan wani abu, mutane kuwa a tsakar gida suke kwana da zafi. Don haka ka san tun yanzu wace kusurwa ce ɗakin yara yake, wace ce ta maƙwabci.

Malamai na kawo hadisin Abu Musa da ke cikin Buhari da Muslim, cewa wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani musulmi rauni. Akwai kuma hanin nuna ɗan'uwa da makami, da hanin miƙa takobi a zare. Wannan ya shafi tambayarka kai tsaye: sahun Juma'a kafaɗa da kafaɗa ne, yara na ratsawa, ana sujada. In kubenka ba ya riƙe ta a sujada, ko dole sai ka cire ta ka ajiye wurin alwala, to ranar ka kulle ta a akwati kafin ka fita. Haka ranar da ka kwana ba barci a hanya, ko ka sha maganin mura mai sa gyangyaɗi, ko ka fita da fushin wani a ranka.

Malam Na-Kotu, Yamai

Ƙari ɗaya a kan maganar Hajiya. Ka rubuta samfurin bindigar da lambarta a takarda, ka yi kwafin izinin, ka ajiye su wani wuri da ba akwatin ba. In ta ɓata ko an sace, a ranar za ka je komisariya ko birgad ɗin jandarma mafi kusa ka ba da sanarwa, ka karɓi shaidar sanarwar a rubuce, domin duk abin da aka aikata da ita kafin wannan takarda sunanka zai fara fitowa. In kuma Allah ya ƙaddara ka yi harbi, da zarar haɗari ya wuce ka mayar da ita kube, ka kira 17, ka nemi a kai wanda ya ji rauni likita, kada ka taɓa kwanson harsashi ko ka gyara wurin. Jami'ai in sun iso su tarar da hannuwanka biyu a buɗe, ba komai a ciki.